Randar Mama ta Ƙarshe

A shekarar da ɓarin jikin Mama ya shanye, akwai randa guda da ta gina ba ta kai ga gasawa ba. Ranar Laraba ta gama goge ta, ta kife ta a ƙuryar zauren gidanmu da ke Sabon Gari, ta rufa mata tsohon zane. Ranar Asabar ciwon ya same ta tana wanke shinkafa a tsakar gida. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta bi shi, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, sai ka kasa kunne sosai. Muka yi makonni a asibiti, muka dawo, randar tana nan inda aka bar ta, ɗanya, kaji sun ɓata zanen da kashi.

Ban yi kuka ba a wannan lokacin, kuma ba dauriya ba ce. Abin ne kawai bai zo ba. Ina sayen magani, ina juya ta a kan gado, ina karɓar matan zumunta da ke zuwa daga coci su yi waƙa su yi addu'a, duk wanda ya tambaya in ce da sauƙi. Ƙanwata, wadda ke zaune tare da ita a gidan, ita ke yin kukan a madadinmu duka, kuma ta iya. Ni kuwa ji nake kamar an cusa mini auduga a ka. Ko abinci sai an tuna mini.

Mama maginiya ce, uwarta ma maginiya ce, haka kakarta. Takan ba mu labari cewa a zamanin kakar tata ba a ciniki da baki, mai son tukunya sai ya cika ta da dawa har baki, ya juye wa maginiya dawar, ya tafi da tukunyarsa. Aure ne ya ɗauko Mama daga ƙauyensu ya kawo ta Sabon Gari, lokacin mahaifinmu yana lebura a reluwe. Ta zo da akwati ɗaya da dutsen gugar tukunya da ta gada.

Tun ina ƙarama nake ganin aikin. Da sassafe za su tafi fadama ta wajen Basawa, ita da wasu mata huɗu, su haƙo yumɓu su ɗauko a ka. A jiƙa shi ya kwana, a tattake shi da ƙafa. Sai ta kife wata tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a gindinta tana bugawa har ya ɗauki siffa, ta bar shi ya sha iska, ta cire ta juyo shi. Daga nan ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaye tukunyar da baya-baya a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da jiƙaƙƙen ganyen mangwaro take fitar da baki. In tana wannan zagayen ba a yi mata magana, ko gobara ake yi sai ta kai inda ta faro.

Gashi kuwa a filin bayan layin dogo ake yi, da rani. Matan za su haɗa tukwanensu wuri guda, a jera, a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Wuta ce mai sauri, kafin wake ya nuna a murhu ta ci ta mutu. A zaro tukwanen girki da doguwar sanda, a yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, da zafinsu, su yi baƙi su yi sheƙi. Randuna kuwa ja ake barin su, ba a shafa musu komai.

A idona sana'ar ta ragu, ba kuma wanda ya kashe ta da gangan. Da farko tukunyar dalma ce ta shigo, wadda ake narkawa a kasuwa daga tsofaffin kayan mota, ko an yar da ita ba ta fashewa. Sai bokitin roba da jarka. Sai firiji a gidajen masu hali, sai fiya wata a hannun kowa. Tulu ya ɓace, tukunyar miya ta ɓace. Aka bar magina da kaskon turare da tandar waina da asusu, sai tukwanen fulawa na gidajen malaman jami'a. Matan suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Filin aka yanka shi fuloti-fuloti, yanzu shaguna ne da wani gidan burodi. Mama ta ci gaba da gina randa biyu ko uku a shekara, don akwai tsofaffin da har yau cikinsu ba ya karɓar ruwan firiji. Takan ba mai a-kori-kura ya kai su ƙauye, ƙanwarta ta gasa mata tare da nata. Ƙanwar tata ta rasu kafin Kirsimetin da ya gabaci ciwon, don haka ban san inda Mama ta yi niyyar gasa wannan ta ƙarshen ba. Ina jin hannunta ne kawai ya ƙi zama.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni har na fara furfura. Kuma ni ce na fi kowa ƙin yumɓu a gidan. A firamare yara kan duba faratana su yi dariya, sai na yi wa kaina alkawari ba ni ba laka. Na yi karatu kamar ana korata, na nemi karatun lauya a jami'a. Da sunaye suka fito sai na ga nawa a sashen da ake koyar da ginin tangaran. Da Mama ta ji, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Duk wannan gudun, ashe laka za ki je ki karanto da Turanci."

Can nake har yau, a Samaru, ina koyarwa. Darasin da aka fi ba ni shi ne tarihin ginin tukwane ga 'yan aji ɗaya. Ina da takarduna da na yi shekaru ina maimaitawa, har sun yi laushi don juyi. A cikinsu abin hawa-hawa ne kamar tsani. A matakin ƙasa akwai gini da hannu da gashi a fili. Sama da shi gashi a rami, sai tanderu mai rufi da ke riƙe zafi, sai faifai mai juyawa da ake gini a kansa, sai ruwan ƙyalli da ake shafa wa kwano ya fito kamar gilashi, sai tanderun gas da na lantarki, can ƙoli masana'anta. Nakan nuna musu hoton wata mata a sunkuye tana zagaye tukunya, in ce daga nan aka faro. Su rubuta. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ma, wannan zai fito a jarabawa?" In ce zai fito. Ban taɓa gaya wa aji ko ɗaya ba cewa matakin ƙasan yana Sabon Gari, yana jirana da tuwo duk ranar Lahadi bayan sujada.

Sau ɗaya ta zo ta ga wurin aikina. Ta tsaya tana kallon wani ɗalibi yana gini a kan faifai, ta daɗe, sannan ta ce, "To, nan tukunya ke yawo, mutum na zaune." Ta ɗauki kofuna biyu daga cikin waɗanda aka jera, ta duba wannan ta duba wancan, ta ajiye. Daga nan ta ce ƙafarta na ciwo, mu tafi.

Bayan mun dawo daga asibiti zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar yana watsewa. Ɗanyar randa ba ta jure damina. Ko ruwa bai taɓa ta ba, danshi kaɗai ya isa ya sa ta saki, balle zaurenmu da ke yoyo ta kusurwa biyu. Na lura duk lokacin da aka fito da Mama tsakar gida ta sha iska, idonta na kan ƙofar zaure. Wata rana ta kama bakin zanena da hannun hagu, ta ce, "Randa." Ta huta, ta nuna sama da haɓa, ta ce, "Ruwa."

Na ce, "Na ji, Mama. Za a gasa ta."

A nan na sa wa raina abu ɗaya: za a gasa randar nan, kuma Mama za ta sha ruwa mai sanyi daga cikinta tun tana iya sha. Ban san me ya sa wannan ya tsaya mini ba alhali komai wucewa yake yi ta gefena. Wataƙila don shi kaɗai ne abin da likita bai ce sai dai a jira ba.

Na nemi tsofaffin abokan aikinta. Biyu sun rasu, ɗaya ɗanta ya ɗauke ta zuwa Kaduna. Ta huɗun na same ta a Zabi tana suyar ƙosai a ƙofar gida, gwiwoyinta sun kumbura. Ta ce randa ɗaya tana da wuyar gashi, zafin ba ya zama, kuma a ina za a hura wutar, a kan kwalta? Amma ta ce in na samu fili da kara in zo in ɗauke ta, ta zauna a kujera tana gaya mini yadda zan yi. Na ce to, zan dawo. Ban koma ba. Gaskiyar ita ce tsoron wutar kara nake ji, don a allo kaɗai na san ta. Kuma can ƙasan raina ina ganin me zai kai ni neman kashin shanu alhali muna da tanderu mai ma'aunin zafi a Samaru. Har na ɗauke shi karramawa, a ce aikin Mama na ƙarshe ya shiga tanderun jami'a.

Na ɗauki shatar napep, muka shimfiɗa tsohuwar katifa, na zauna na rungume randar tun daga Sabon Gari, ta Kwangila, har Samaru. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ta a ƙirjina. Direban ya tambaya me ke ciki da nake riƙo haka, na ce babu komai a ciki.

Mai kula da tanderunmu wani dattijo ne ɗan Samaru, kowa Baba yake ce masa. Tun kafin in shigo ɗaliba yake kunna wutar nan. Ba shi da takardar komai, amma da launin wuta yake gane zafi kafin ya duba ma'auni. Na kwance zanen a gabansa. Ya zagaye randar sau biyu bai taɓa ta ba, sannan ya zura hannu ya shafo cikinta.

Ya ce, "Malama, wa ya gina wannan?"

Na ce, "Mamana ce."

Ya ce, "An ga hannu." Sannan ya ce, "Amma randan nan ba na wutan mu ba ne."

Na san abin da yake nufi. Gas sau ɗaya ake saya a zangon karatu. An riga an yi gashin farko, mai sauƙin zafi, wanda shi ne ya fi kusa da abin da take so. Abin da ya rage shi ne gashi na biyu na kayan 'yan ajin ƙarshe, mai zafin da ke narkar da ruwan ƙyalli.

Ya ce, "Ki bar shi nan a sito, ba ya yoyo. In an sayo gas wani zangon sai mu sa shi a na farko."

Na ce, "Baba, ban san ko mai ita za ta kai wani zangon ba."

Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da bakina, kuma na faɗe shi kamar ina sanar da lokacin lacca.

Ya ce, "Wutan nan, in bai narkar da shi ba, zai rufe mishi jiki."

Na ce a sa ta ƙasa kusa da ƙofa inda zafin bai cika kaiwa ba, a ɗaga wutar a hankali. Na ce ai zafi ƙarfi yake ƙara wa yumɓu, za ta fi daɗewa. Har da Turanci na haɗa masa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yadda kika ce, Malama."

Abin da ya gaya mini na san shi. Na sha rubutawa a allo cewa randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa ya tsattsafo ta waje, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Na sha ba da maki a kan wannan amsar. Amma a ranar abu ɗaya kaɗai kaina ke iya riƙewa, kada ta fashe.

Aka kunna wutar ranar Talata da safe. Bayan an kashe sai an bar tanderu kwana biyu ya huce kafin a buɗe. A cikin kwanakin nan ruwan farko ya sauka, na tsaya a barandar ofis ina kallonsa. Ƙanwata ta kira ni ta ce zaure ya cika da ruwa, Allah ya taimake mu da na ɗauke randar. Na ce haka ne. Na shiga aji na yi darasina, na nuna hoton matar nan, suka rubuta.

Ranar da aka buɗe, ɗalibai sun cika wurin, kowa na neman nasa, ana ɗaukar hoto da waya. Baba ya jira suka ragu sannan ya fito da randar. Ba ta fashe ba, ko tsaga babu. Ta ɗan tsuke, jan nan ya koma duhu kamar hanta, jikinta ya yi wani santsi da ba Mama ce ta ba ta ba. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara siririya mai tsawo kamar an buga ƙarfe. Wata ɗaliba ta ce, "Ma, wannan antik ne, irin kayan tarihin nan?" Baba ya ɗauko zanen. Ya taya ni naɗe ta, ya ce Allah ya ba Mama lafiya.

Na kai ta gida ranar Asabar da hantsi. Ƙanwata ta wanke ta, muka zuba yashi a inuwar darbejiya, muka girke ta a kai, muka cika ta da ruwan rijiya, muka rufe da faranti. Ruwan farko na sabuwar randa zubarwa ake yi, don ƙamshin ƙasa ya yi masa yawa, ko da yake muna yara rububinsa muke yi. Na ɗebo na sansana. Ruwa ne kawai.

Muka bar ta har la'asar, sannan muka fito da Mama a kujera muka ajiye ta kusa. Ta daɗe tana kallo. Ban san ko ta gane ta nan take ba, launin ba nata ba ne. Na ga idonta ya bi bakin randar ya tsaya a inda takan danna babban yatsa sau uku, alamarta ke nan. Sai ta miƙa hannun hagu ta ɗora bayansa a jikin randar, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Ta matsa da shi ƙasa, ta koma gefe. Ta sunkuya da ƙyar ta taɓa yashin da ke gindi. Ko'ina a bushe yake.

Ƙanwata ta ɗebo a moɗa ta kai mata baki. Ta kurɓa, rabi ya zubo ta gefen da ya karkace, na goge mata. Na karɓi moɗar na sha ragowar. Da ɗuminsa, kamar ruwan da ya wuni a jarka.

Mama ta ce, "Ina?"

Na ce, "Samaru, Mama. A tanderunmu."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na fi so. Ƙanwata ta fara cewa ai ta yi kyau, ai za a iya zuba hatsi a ciki, ko a ajiye ta a falo a sa fulawa. Mama ba ta dube ta ba. Ta ce, "Ke." Na matso na durƙusa. Ta ɗauki lokaci tana haɗa kalmomin.

"A daka ta. A sa a sabo."

Haka magina suke yi da duk tukunyar da ta lalace a wuta. Ba a yar da ita. A farfasa ta, a daka tsingaron a turmi ya zama gari, a cuɗa a cikin sabon yumɓu don ya yi ƙwari, kada ya fashe a gashi. Ta faɗa ne yadda ta saba faɗa duk rayuwarta. Sai dai babu wani sabon yumɓu a gidan, babu kuma mai zuwa fadama. Na ɗauka ciwon ne ya mantar da ita. Da na ɗago sai na ga ni take kallo, ba randar ba, kuma idon nan bai manta komai ba.

Na tsaya ina jiran in ji wani abu, kunya ko baƙin ciki ko haushin kaina. Ba abin da ya zo. Injin markaɗen maƙwabta yana ta ƙara a bayan katanga. Sai na ji bakina yana tambayar da tun tasowata a gidan ban taɓa yi ba.

"Mama, kamar yaya ake zubawa? In yumɓun cikin kwando ɗaya ne?"

Ta ɗaga hannun hagu, ta lanƙwasa tafin kamar mai ɗibar tsaba. Awon nasu da tafi biyu ne a haɗe, wannan kam na taɓa gani. Ta riƙe shi a sama, ta juya ta dubi na daman da ke kwance a cinyarta, tana jira ya taso ya same shi. Ƙanwata ta tashi ta shige ɗaki. Muka jira, ni da Mama, har na hagun ya gaji ta sauke shi.